Burga a katin ƙarshe: lissafin da ke bayan ƙaryar 'yan foka

Akwai wani abu a wasan kartar nan na Amurkawa da ake kira foka wanda ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai, wato a ce mutum yana riƙe da katin banza, ya san na banza ne, an gama buɗe duk katunan da za a buɗe babu sauran wani fata, amma ya tattara abin da ke gabansa ya tura tsakiya, kuma masana lissafi su ce wai abin da ya yi shi ne daidai, har ma su ƙara da cewa da bai yi ba da ya tafka kuskure. A fina-finai ana nuna abin kamar jarumta ce, mutum ya ƙura wa ɗan'uwansa ido ba ƙiftawa har wancan ya karaya. Ni kam a ganina taurin idon nan shi ne mafi ƙanƙantar abu a cikin lamarin. Lissafi ne, lissafin ma na tarawa da rabawa da ɗan firamare zai iya, sai dai inda yake kai mutum akwai ban mamaki.

Kafin wani ya taso min, hukuncin caca ba ɓoyayye ba ne, kuma ba cewa nake kowa ya je ya zuba kuɗinsa ba. Gidan da ke shirya wasan ma yana yankar kasonsa daga abin da aka tara, shi ya sa akasarin masu bugawa da kuɗi asara suke kwasa in an je an dawo. Abin da ya ja hankalina daban ne, wasan nan yana cikin abubuwan da aka gina wani babban reshe na ilimin lissafi a kansu, wato nazarin dabarun wasa da ake kira game theory, wanda yau ake karantarwa a sashen tattalin arziki da na kwamfuta, kuma ga ɗaya daga cikin tambayoyin da reshen ya fara da su: yaushe ya kamata mai hankali ya yi burga, kuma sau nawa?

Ga yadda wasan yake a taƙaice, nau'in da ya fi shahara wato Texas Hold'em. Karta ce mai kati 52. Kowa a ba shi biyu a rufe, shi kaɗai ke ganinsu. Sai a riƙa buɗe wasu a tsakiyar tebur waɗanda na kowa da kowa ne, uku a tashi ɗaya, sannan na huɗu, sannan na biyar. Kowa zai haɗa biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai ɗin nan. Kati biyu masu lamba ɗaya, mu ce musu tagwaye, sun fi hannun da bai haɗa komai ba, tagwaye biyu sun fi ɗaya, uku masu lamba ɗaya sun fi su, sai jere wato biyar masu bin juna kamar 5-6-7-8-9, sai fulosh wato biyar masu alama iri ɗaya, a haka har sama. Ana zubi sau huɗu, kafin a buɗe komai da kuma bayan kowace buɗewa. In layi ya zo kanka ko dai ka zuba, ko ka ƙwanƙwasa tebur ka wuce in ba wanda ya zuba, in kuma wani ya riga ka to ko ka bi shi da daidai abin da ya sa, ko ka ɗaga, ko ka ajiye katinka ka haƙura da abin da ka riga ka zuba. Wanda kowa ya ajiye masa shi zai kwashe tulin tsakiya ba tare da ya nuna wa kowa katinsa ba. Ta nan burga ke shigowa.

To me ya bambanta zubin ƙarshe, na bayan kati na biyar da suke kira riva? Kafin a zo nan, mai burga yana da hanya biyu ta ci. A ce kati huɗu ne a tebur, kana da huɗu masu alama ɗaya kana jiran na biyar, ka zuba. Ko dai abokin karawarka ya tsorata ya ajiye, ko ya bi ka kuma katin ƙarshe ya cika maka fulosh ɗin, wanda kati 9 ne za su iya yi maka cikin 46 da ba ka gani ba, kusan sau ɗaya cikin biyar kenan. Wannan rabin burga ce, akwai mafaka. Amma da zarar na biyar ya faɗi bakin alƙalami ya bushe, hannunka ko ya fi nasa ko bai fi ba, shikenan. Kuma galibi a lokacin tulin ya kai girman da zai kai, don haka kuskure ɗaya a nan ya fi kurakurai goma na farkon zagaye ciwo.

Mu fara da ɓangaren mai burgar. Akwai 100 a tsakiya, ka zuba 100 da katin banza. In ya ajiye ka ci 100, in ya bi ka ka yi asarar 100. Kenan in yana ajiyewa sau ɗaya cikin biyu, ba ci ba asara. In 50 ka zuba, kasadar 50 kake yi don cin 100, ya wadatar ya ajiye sau ɗaya cikin uku. In ka zuba 200, to sai ya ajiye sau biyu cikin uku kafin ka maida uwar kuɗi. Ka raba zubinka da jimillar zubin da tulin, abin da ya fito shi ne ma'aunin. Abin lura a nan shi ne burgar rabin tuli tana iya kamuwa fiye da yadda take wucewa, a kama ka sau shida cikin goma, ana yi maka dariya a tebur, alhali kai ke da riba.

Sai shi wanda aka yi wa zubin. Yawanci yana riƙe da hannu ne matsakaici, wanda ya fi duk wata burga amma bai kai ko ɗaya daga cikin hannayen gaske da za a zuba da su ba. Ka zuba 100 a kan 100, yanzu 200 ne a gabansa, zai biya 100 ya gani. In ya ci ya samu 200, in ya faɗi ya rasa 100, don haka ya ishe shi ya ci sau ɗaya cikin uku. Ka ga kenan in burgarka ta wuce kashi ɗaya cikin uku na duk lokutan da kake zuba irin wannan zubin, abin da zai yi mai sauƙi ne, ya riƙa bin ka kullum. In kuma ba ta kai haka ba, ya riƙa ajiyewa kullum. Amma in ka saita ta daidai, hannun gaske biyu burga ɗaya, to ka ɗaure shi, ko ya bi ko ya ajiye duk ɗaya ne a wurinsa, babu wata dabara da ta rage masa, ko da kuwa ka rubuta masa tsarin naka a takarda ka miƙa masa. In rabin tuli kake zubawa rabon ya koma uku da ɗaya, wato kashi 25 cikin 100. In ninki biyun tuli ne ya zama uku da biyu, kashi 40 cikin 100. Komai girman zubin dai burga ba ta taɓa kaiwa rabi.

Nan ne wurin da nake so a tsaya a duba da kyau, don shi ne zuciyar maganar. A ce ka iso wannan matsayin sau 30, a 20 kana da hannun da ya fi nasa, a 10 kana da na banza, tuli 100 ne kowane lokaci. In kai mutum ne mai gaskiya tsantsa, ba ka zubawa sai da hannun kirki, kuma ya gane ka, to duk sanda ka zuba zai ajiye. Ka ci 100 sau 20, wato 2,000, sauran 10 ɗin ka wuce a buɗe kati ya cinye. Yanzu ka zuba 100 a duka 30 ɗin. In ya ajiye kullum, ka ci 3,000. In ya bi kullum, ka ci 200 sau 20 wato 4,000, ka yi asarar 100 sau 10 wato 1,000, saura 3,000. In ya raba, rabi ya bi rabi ya ajiye, 3,000 ɗin dai ce. Ko ta ina ya ɓullo ƙarin 1,000 ta shigo maka.

Amma duba inda ƙarin yake fitowa in ya bi ka rabin lokaci, wanda shi ne abin da ɗan wasa mai hankali zai yi don kar ka mai da shi saniyar tatsa. Burgogin nan 10, biyar sun wuce ka ci 500, biyar an kama ka rasa 500, sifiri. Ita kanta burgar ba ta kawo ko sisi ba! Duk ribar ta koma kan hannayen gaske ne, waɗanda a da 100 kawai suke ci, yanzu kuma rabin lokaci 200 suke ci saboda an daina yarda da kai. Wato mai burga ba don ya saci tuli yake yi ba, yana yi ne don ranar da yake da kaya a biya shi. Kamar mai saye ne a kasuwa da ya taya aka ce albarka ya juya zai tafi, in duk tafiyarsa ta ƙarya ce yana kaiwa bakin rumfa ya dawo, ɗan kasuwa zai daina kiransa, in kuma an san wani lokacin da gaske tafiyar yake, dole a riƙa cewa dawo malam mu daidaita. Bambancin kawai a foka an juya abin, ƙaryar ce ke sa a biya gaskiyar.

Wannan ba sabon gano ba ne. John von Neumann, masanin lissafin nan haifaffen Budapest da ya koma Amurka, tun a 1928 ya kafa ginshiƙin wannan ilimin, kuma a littafin da suka fitar da Oskar Morgenstern a 1944 ya zauna ya warware wani sauƙaƙƙen nau'in foka da alƙalami. Abin da ya fito masa shi ne mai wasa ya zuba da hannayensa mafi kyau, ya zuba da mafi muni, na tsakiya kuma ya wuce. A 1950 Harold Kuhn ya ƙara rage wasan zuwa kati uku kacal, J da Q da K daga ƙarami zuwa babba, mutum biyu, kowa ya sa 1 a tsakiya a ba shi kati ɗaya, zubi kuma 1 ne, rabin tuli kenan. Da aka warware shi tas sai ga shi in na farko ya wuce, na biyu zai zuba da K kullum, ba zai taɓa zubawa da Q ba, da J kuma wanda shi ne mafi rauni zai zuba sau ɗaya cikin uku. K uku, J ɗaya. Rabon nan dai na uku da ɗaya da muka lissafa a sama.

Dalilin barin na tsakiya a fili yake in ka yi tunani. In ka zuba da Q, mai K zai bi ka ya cinye, mai J zai ajiye wanda dama ka fi shi. Ka kori wanda kake ci, ka gayyato wanda ke cin ka. Wannan kuskuren sababbin 'yan wasa suna yin sa kullum, mutum yana da 'yan tagwayensa matsakaita da za su iya ci in aka buɗe kati lafiya lau, sai zuciya ta ɗebe shi ya zuba, in ka tambaye shi burga ce ko neman biya kake yi, shi kansa bai sani ba. Hannun da zai iya ci a buɗe yana da abin da zai rasa. Wanda ba shi da abin rasawa shi ne ɗan aiken burga.

To amma hannayen banza suna da yawa, galibi sun fi adadin da lissafi ya yarje maka, da wanne za ka yi? A nan ƙwararru ke shiga maganar toshiya. Katin da ke hannunka ba zai kasance a hannun abokin karawarka ba, magana ce kamar ta wasa amma tana da nauyi. Tagwayen A, wato katin da ya fi kowanne girma, suna iya zuwa wa mutum ta hanya 6, in kai kana riƙe da A ɗaya sun koma 3. A da K suna zuwa ta hanya 16, ka riƙe A ɗaya su koma 12. In akwai ♠ uku a tebur kai kuma kana da A♠ shi kaɗai, ba ka da fulosh, amma ka tabbata shi ma ba shi da fulosh mafi girma, kuma shi bai san ba ka da shi ba. Wannan katin burga ne na gani na faɗa.

Sai dai toshiya kaifi biyu gare ta, kuma ɗaya kaifin ne mutane ke mantawa. Kana so ka toshe hannayen da zai bi ka da su, ba ka so ka toshe waɗanda zai ajiye. A ce tebur ya nuna K♥ 9♥ 4♣ 2♠ 7♦. ♥ biyu ne kawai, duk mai jiran fulosh ya tashi a tutar babu. Mutum ɗaya yana da Q♥J♥, wani yana da Q♣J♣, ƙarfinsu ɗaya, dukansu ba su haɗa komai ba. Mai Q♥J♥ shi ne zuciyarsa za ta fi tafasa, tun farko yana jiran ♥ bai zo ba, yana ganin dole ya yi burga ya fanshe. Amma wane hannu yake fata a ce abokinsa na riƙe da shi? Irin su A♥Q♥ da A♥J♥, masu jiran fulosh da suka faɗi, waɗanda sun fi shi in an buɗe amma za su ajiye in ya zuba. To ai katunan nan suna hannunsa, shi da kansa ya rage yiwuwarsu. Mai Q♣J♣ bai taɓa su ba, kuma shi ma yana toshe KQ da KJ masu bin zubi. Shi ya fi cancanta ya yi burgar, wancan sau da yawa gara ya haƙura.

Bari mu duba burgar da ta fi kowace yin suna. Watan Mayun 2003, a gidan Binion's Horseshoe da ke Las Vegas, babbar gasar foka ta duniya, mutum 839 suka shiga kowa da dala 10,000, aka yi ta faɗuwa har saura biyu. Ɗaya Sam Farha, haifaffen Lebanon, tsohon hannu, da sigari a baki wadda ba ya kunnawa. Ɗayan Chris Moneymaker, wato mai yin kuɗi da Turanci, kuma sunansa ne na gaskiya, akanta ɗan shekara 27 daga jihar Tennessee wanda ya samu kujerarsa ta wata ƙaramar gasa a intanet a shafin foka na PokerStars, ya zauna da hular hana-sallah da baƙin gilashi. Farha na da Q♠9♥, Moneymaker na da K♠7♥. Aka buɗe 9♠ 2♦ 6♠, duka biyu suka wuce. Na huɗu ya zo 8♠. Farha da tagwayen 9 ɗinsa ya zuba 300,000, Moneymaker ya ɗaga zuwa 800,000, rabin burga kenan, don yana jiran jere ta baki biyu da 6-7-8-9, yana kuma jiran ♠ na huɗu. Farha ya bi. Katin ƙarshe 3♥, bai tsinana wa Moneymaker komai ba. Farha ya wuce, shi kuwa ya ce ya tura duka.

Farha ya daɗe yana nazari, har ya faɗa a fili cewa da alama fulosh ne bai cika wa yaron ba, wanda kuwa gaskiya ne, yana ta jan sa da magana ko zai ga wani motsi, Moneymaker ya yi gum. Daga ƙarshe ya ajiye. Jim kaɗan bayan nan Moneymaker ya lashe gasar da dala miliyan 2.5, tashar ESPN ta nuna wasan da kyamarar da ke leƙa katin kowa, jama'a suka ga akanta ya yi wa ƙwararre ungulu da kan zabo. Shekarar da ta biyo mutum 2,576 suka shiga gasar, a 2006 suka kai 8,773.

In ka ɗora hannun nan a kan ma'aunan da muka bi, za ka ga ya cika su ko da shi bai yi wannan lissafin a lokacin ba. K kaɗai ba zai ci ba in aka buɗe, tunda Farha ya bi ɗagin 800,000 akwai abin da yake riƙe da shi. A nan ♠ uku ne a tebur, fulosh ya riga ya yiwu, don haka K♠ ɗinsa hannun bi yake toshewa, saɓanin misalin ♥ na ɗazu. Lamba 7 ɗin kuma tana toshe jeren 10-7 da na 7-5. Sannan labarinsa ya tafi daidai, ya yi shiru da farko, ♠ na uku na faɗowa ya ɗaga, a ƙarshe ya tura duka, haka mai fulosh na gaske zai yi. Wannan batun labari ba ƙaramin abu ba ne, wanda ya yi ta wucewa tun farko kamar marar lafiya sannan katin da bai canja komai ba ya faɗo ya zabura da babban zubi, wane hannu yake so a yarda yana da shi? Shi kuma Farha, a nawa ganin, karatunsa daidai ne, Q♠ da ke hannunsa ma ya ƙara rage fulosh ɗin da zai ji tsoro. Ina jin abin da ya kayar da shi shi ne yana ganin ya fi yaron iya wasa, me zai sa ya jefa komai a hannu ɗaya alhali zai iya cin sa a hankali. Hankalin bai samu lokaci ba.

Sai kwamfuta ta shigo. A watan Janairun 2017 a Rivers Casino da ke Pittsburgh, wata manhaja mai suna Libratus da Tuomas Sandholm da ɗalibinsa Noam Brown na jami'ar Carnegie Mellon suka ƙera ta kara da ƙwararru huɗu, Jason Les da Dong Kim da Daniel McAulay da Jimmy Chou, kwana 20, hannu 120,000, ta tashi da ratar sama da miliyan 1.7 a tsabar wasan. Ba ta ganin fuskar kowa, ba ta jin rawar murya ko bugun jijiyar wuya, ba kuma wanda ya koya mata ƙarya, da kanta ta yi ta karawa da kanta har ta gano cewa in ba burga ba ci. Abin da ya fi rikita mutanen shi ne girman zubinta, wani lokaci ɗan mitsitsi, wani lokaci ta ninka tuli sau da yawa, kuma ba ka iya cewa wannan na gaske ne wancan na ƙarya. Lissafinmu na sama ya bayyana dalili. Da hannayen gaske 20, zubin daidai tuli burga 10 yake ɗauka, na ninki biyu yana ɗaukar kusan 13, kowace ƙarin burga kuwa ƙarin tuli ne da ba naka ba da ya dawo naka. Sharaɗin dai shi ne ya zama kai ne kake iya riƙe hannaye mafi ƙarfi a wannan teburin shi kuma yadda ya buga ya nuna ba ya da su. A 2019 wata ƙanwarta Pluribus, da aka yi da haɗin gwiwar Facebook, ta doke ƙwararru a tebur mai mutum shida.

Wata matsala da kwamfuta ba ta da ita mutum yana da ita: in lissafi ya ce da wannan hannun ka yi burga sau ɗaya cikin uku, ta yaya za ka zaɓi wanne? In ka bar wa zuciya, za ka yi ta ne sanda kake jin haushi ko sanda aka jima ba ka ci ba, kuma masu lura za su gane. Dan Harrington, wanda ya ci babbar gasar a 1995, shawararsa ita ce ka saci kallon hannun daƙiƙa na agogonka. In yana cikin daƙiƙa 20 na farko ka zuba, in ya wuce ka haƙura.

Duk wannan daidaiton fa kariya ce daga wanda ya iya. In wanda ke gabanka bai iya ba, riƙe rabon biyu da ɗaya ɓata dama ne. Akwai irin mutumin da ba ya iya ajiye kati, shi dai sai ya gani da idonsa, ko don kar a ce an raina masa hankali. Wannan ba a yi masa burga ko kaɗan, sai dai ka faɗaɗa hannayen da kake neman biya da su, har waɗanda a gaban ƙwararre da wucewa za ka yi. Akwai kuma mai tsoro, wanda in bai haɗa babban abu ba ajiyewa yake, shi kuma ka yi ta yi masa har ranar da ya farga. Haka ta ɓangaren bi, lissafi ya ce in an zuba maka daidai tuli ka kare rabin hannayenka, in rabin tuli ne kashi biyu cikin uku, amma wannan ya ginu ne a kan cewa mai zubin yana burga yadda ya kamata. A ƙananan tebura mutane ba su cika kaiwa ma'aunin ba, musamman in ɗagawa suka yi a katin ƙarshe, ɗagin nan kusan kullum da kaya yake zuwa. Dattijon da tun da aka zauna bai ɗaga kowa ba in ya ɗaga ka a nan, ba lokacin jarumta ba ne, ko da tagwaye biyu ne a hannunka ka yi tunani sau biyu.

Yawan mutane ma yana sauya komai. Duk lissafin da muka yi na mutum biyu ne. A ce su biyu ne a gabanka, kowannensu zai ajiye sau 70 cikin 100, wanda in shi kaɗai ne burgar daidai tuli riba ce mai tsoka. Amma kai so kake duka biyun su ajiye a tare, 70 cikin 100 na 70 cikin 100 kuwa 49 ne, ya gaza 50 ɗin da kake buƙata. In su uku ne ya faɗo kusan 34.